Shatin Bindiga a Ɗanyen Bulo

Da na isa Marken Gabas da hantsi, mutum ya fi ɗari tsaye a kan sawun da aka kira ni in bi. Maza, mata, tsofaffi da sandunansu, har wata mai ƙosai ta sauke tirenta daidai inda aka ce mamacin ya faɗi. Na tsaya na riƙe ƙugu, raina ya gama ɓaci tun ban yi sallama ba. Shekara arba'in ke nan ina bin sawu a ƙasar Zakirai, tun zamanin da jaki ne babbar sata, amma har yau ban ga garin da ya koyi ja da baya ba.

"Ku ci gaba da takawa," na ce musu. "Wanda bai samu ya taka ba a matsa masa, kada a bar shi a baya."

Wasu suka ji kunya suka janye, wasu ko gezau.

Malam Sha'aban aka kashe, wani dattijo mai kiwon turka. An harbe shi da asuba a bayan gidansa, wajen turken bijimansa biyu, lokacin maza na masallaci. Shi ciwon ƙafa ne ya hana shi fita jam'i ranar. Harbi biyu aka ji. Kafin a sallame a rugo rai ya yi halinsa, maharbin ya ɓace, bijiman kuwa suna nan, ɗaya an kwance masa igiya. Har an binne shi kafin in iso.

*

Mai gari ya ja ni zaurensa, ya sallami kowa sai ɗan ƙaninsa Zubair, dillalin shanu, wani dogo mai saurin baki.

"Malam Ɗanliti," in ji mai gari, "ba ni na aika a kira ka ba, matar mamacin ce ta kafe. Mu mun riga mun san wanda ya yi."

"To ranka ya daɗe, ai da ka bugo mini waya na yi zamana a gida. Wane ne?"

"Khamisu Soja."

Zubair ya miƙo mini kwanson harsashi guda biyu. "Ni na tsince su, Baba. Wannan ba aikin bindigar toka ba ne, na AK ne. AK kuwa ɗaya ce tal a garin nan."

Na dubi mai gari. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya rage murya, ya ba ni labarin. Shekara uku da suka wuce, lokacin da masu satar mutane suka fara leƙo ƙauyukan yamma, dattawan garin su bakwai suka haɗa kai suka samo bindiga ta bayan fage. Babu wanda ya iya sarrafa ta sai Khamisu, da ya yi shekara goma sha biyu a soja kafin ya dawo gona. Suka damƙa masa ita, kowa ya dafa Alƙur'ani, har da shi, cewa maganar ba za ta fita waje ba.

"Ga shi sun yi rigimar iyakar gona da mamacin a daminar bana," in ji mai gari, "kowa ya sani. Mun karɓe bindigar, shi kuma yana kulle a ɗakin ajiya. Na kira 'yan sanda, bayan la'asar za su zo su tafi da shi."

"Kun sansana bakin bindigar?"

"Soja ne fa," Zubair ya yi caraf. "Ai tuni ya goge ta da mai."

"Idan sun zo, ta wa za ku ce musu ce?"

"Tasa mana," in ji mai gari. "A hannunsa aka same ta."

Na ce, "Idan na nuna ba shi ya yi kisan ba fa, za ku faɗi yadda aka yi ta zo hannunsa?"

"Ka fara nunawa tukuna."

Wato zuwa la'asar ke nan kawai nake da shi, ko in samo wanda ya yi, ko a tafi da mutum a kan kisan kai.

*

Barira, matar mamacin, na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta lulluɓe har goshi. Na yi mata gaisuwa, na durƙusa daga nesa.

"Baba, ni ban ce Soja ya yi ba, ban kuma ce bai yi ba," ta ce. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Jan bijimin nan bai yi ko huci ba."

"Ya saba yi?"

"Haba Baba! Ko ƙanin Malam ya doshi turken nan sai ya tayar da unguwa. Soja kuwa bara sai da ya kai masa tunkuyi ya yaga masa riga. Yau ina nan ina ɗora ruwan zafi, katanga ce kawai tsakanina da turken. Ban ji komai ba sai muryar Malam, ya ce, 'Au, kai ne?' Sai harbi."

"Da wa bijimin yake yarda?"

"Ni da nake ba shi dusa, sai Malam. Sai kuma wataƙila cikin dillalai, wanda ya saba zuwa yana shafa shi. Su uku suke zuwa tayi, amma ni ba na fita idan maza sun zo, ban san wanda ya fi sabawa da shi ba."

Duk garin nan, ita kaɗai ta gaya mini abin da ta ji da kunnenta. Sauran kowa abin da yake zato yake faɗa, kuma da rantsuwa.

*

Daga nan na shiga ɓata lokaci. Wani ya ja ni ya nuna mini sawun but na soja a gefen katanga, yana ta murna kamar ya kama ɓarawon da hannunsa. Na durƙusa na auna, na bi shi taku ashirin, ya kai ni gindin wata dalbejiya inda 'yan sintirin gari huɗu ke zaune, kowannensu da irin but ɗin a ƙafa. Gwanjo suka sayo a Kano rana ɗaya. Na tambaye su ko sun zagaya bayan gidan mamacin da safen nan. Suka ce ai su suka fara zuwa, don su tsare wurin kada a taka.

"Allah ya saka muku da alheri," na ce. "Kun tsare shi kuwa."

Sai kuma aka tayar da maganar Fulani. An ga sawun shanu ya bi ta gabas, don haka wai Jumma na ruga ne ya zo da mutanensa. Na taka har can cikin rana, kusan tafiyar rabin sa'a. Kashin shanun da ke kan hanyar ya bushe ƙarau, na shekaranjiya ne. Jumma da kansa na same shi kwance da zazzaɓi, ko tashi zaune da ƙyar ya yi. Na dawo ƙafafuna na zogi, ana kiran azahar, ban da komai a hannu sai takaici.

Matsalar ƙasarmu ke nan. A daji, sawu ɗaya zai kwana uku yana jiranka. A nan kuwa gona na jikin gona, gida na kallon gida, kowace kunya da hanyarta, kuma kowace hanya mutum hamsin sun bi ta kafin rana ta ɗaga.

*

Na yi salla, na koma wajen turken na zauna a kan wani kututture ina huci ni kaɗai. Sai na ji wani na masifa a bayana. Ɗan'auta ne, mai buga bulo, wani gajere mai furfura da mamacin ya ɗauka aikin gyaran katanga. Ya jera bulon jar laka layi-layi a filin da ke tsakanin turken da kududdufi.

"Wane marar aikin yi ne ya kifa mini bulo?" yake ta faɗa. "Jiya da yamma na buga su! Sai jibi ake juyawa, ko yaron goye ya san wannan!"

Na miƙe. "Guda nawa aka kifa?"

"Biyu. Na ƙarshen layi, ga su nan kusa da turke."

"Kada ka taɓa! Malam Ɗan'auta, don Allah ɗauke hannunka."

Mutane sun tattake ko'ina, amma babu wanda ya taka bulo, don kowa na tsoron bakin Ɗan'auta. Muka zura wani katako a ƙarƙashi muka juyo su a hankali. Lakar ta fara kama jiki amma ba ta bushe ba. Na hure yashin da ya manne.

Shati ne ya fito, shimfiɗaɗɗe, ya ratsa bulon biyu. Wani ya kwantar da abu mai nauyi a kai, mai faɗin yatsa uku zuwa huɗu. Daga gaba akwai wasu ƙananan ramuka zagayayyu a cure, kamar an danna ƙwayar wake, daga baya ma akwai biyu. A tsakiya kuma wani ɗan tudu ƙarami. Ban taɓa riƙe AK ba, amma na gane abin da ya faru. Mutumin yana bukatar hannu biyu don ya kwance igiya, sai ya ajiye bindigarsa a wuri mafi kusa. Da gari ya waye ya dawo cikin jama'a ya hango shatin, sai ya faki ido ya kifa bulon. A gefunansu ga wurin da yatsunsa suka nutse, kuma yatsan tsakiya na hagu ya bar alamar zobe.

"To ai shi ke nan," in ji Ɗan'auta. "Bindigar Soja ce ta kwanta a nan."

Ni ma abin da na ji tsoro ke nan.

*

Aka buɗe mini ɗakin ajiya da ƙyar, sai da na ɗaga murya. Khamisu na zaune a kan buhun gero, leɓensa a fashe, alamar an taɓa shi kafin a kulle shi. Mutum ne mai kauri, marar yawan magana. Na ajiye katakon da bulon a bakin ƙofa inda haske yake.

"Soja, ni ban san ka ba, ba kuma zan rufa maka asiri ba idan kai ne. Dubi wannan ka gaya mini abin da ka gani."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna ramukan da yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Baba, waɗannan ramuka ne ko tudu? Idona ba ya gani sosai."

"Ramuka ne. Abin da ya kumburo a jikin abu, rami yake bari a ƙasa. Abin da ya lotsa kuma tudu yake bari."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "To wallahi ba ta gari ba ce."

"Kada ka rantse mini, yau na ƙoshi da rantsuwa. Yi mini bayani."

"Mutanenmu duk wadda suka gani sai su ce AK, shi ke nan. Amma tun daga masana'anta iri biyu ce. Ka san gangar jikinta, wurin nan na tsakiya inda gidan harsashi yake shiga? A ta farko, dunƙulen ƙarfe guda ake ɗauka a yi ta sassaƙa da inji har a rarake cikinsa, kamar yadda ake fitar da turmi daga kututture. Nauyi gare ta, gefenta sumul, sai wani dogon kwari mai kusurwa huɗu da aka fafe don a rage mata nauyin. Da suka ga wannan na cin ƙarfe da lokaci, sai suka koma fallen ƙarfe. A danna shi da inji ya lanƙwashe, a haɗa shi da sauran sassan da ƙusoshi masu kumburin kai, irin na jikin bokiti. Ita wannan ba ta da dogon kwarin, sai ɗan lotsawa kaɗan a saman gidan harsashi. Waɗannan ramukan naka na gaba da na baya kawunan ƙusoshi ne."

"Wadda aka ba ka fa?"

"Sassaƙaƙƙiya ce. Ta girme ni ma. Shekara uku ina goge ta, babu irin waɗannan ƙusoshin a gefenta. Da ita aka kwantar a nan, da dogon tudu za ka gani, kusan tsawon yatsa."

"Kwanson da aka tsinta fa?"

"Harsashi iri ɗaya suke ci, Baba. Kwanso ba zai nuna maka da ido ba."

Wato akwai bindiga ta biyu a garin da kowa ke rantsuwa guda ɗaya ce. Na tambaye shi me ya sa bai gaya musu bai harba ba. Ya taɓa leɓensa ya ce ya gaya musu.

*

Sa'a ɗaya da wani abu ya rage kafin la'asar. Na bar bulon a hannun Barira, na ce ko mai gari ya aiko kada ta bayar. Na ja Ɗan'auta don ya zama shaida, muka fita bayan gari.

Idan an tattake tsakiya, sai ka fita waje ka yi da'ira, ka yanki duk sawun da ya fita. Da tun safe na yi wannan da ban wahala ba, amma na biye wa masu but da masu Fulani, kuma wannan laifina ne. Da'irar farko ba komai sai sawun mata masu ɗiban ruwa. Ta biyu ma haka. A ta uku, cikin wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, na ga sawun mutum yana gudu. Takun dogo ne, yatsu sun nutse, dunduniya da ƙyar ta taɓa ƙasa. Takalmin fata ne irin na 'yan kasuwa. Nan da can kuma, a kan farin yashi, ga ɗan ɓarɓashin jar laka.

Sawun ya tsaya a gindin wani tarin kara. Daga nan ya fito yana tafiya a hankali, ya zagaya ta hanyar masallaci, ya shige cikin sawun jama'a ya ɓace.

Muka janye dami uku. Ga buhun dusa a ɗaure. Na kwance bakinsa na leƙa, ban taɓa abin da ke ciki ba. Ga kawunan ƙusoshi a jere a gefenta, kowanne da busasshiyar jar laka a kewayensa.

Ɗan'auta ya ja da baya yana salati.

"Gonar wa ce wannan?" na tambaye shi.

Ya kawar da kai. Sai da na maimaita sannan ya ce, "Ta gidan mai gari ce."

"To zauna a nan ka tsare, kada ka motsa sai na turo."

*

'Yan sanda suka iso bayan la'asar, su huɗu da wani sufeto mai furfura a gemu. Aka taru a filin turken, dattawan nan bakwai a kan tabarma a gaba, mai gari a tsakiyarsu. An fito da Khamisu, an ajiye bindigar gari a ƙasa. Na sa aka kira 'yan sintiri da dillalan nan uku. Na roƙi sufeto ya ba ni minti goma, ya kuma tura ɗan sanda ɗaya wajen Ɗan'auta.

"Baba, mun zo ɗaukar mutum ne, ba kallon wasa ba," ya ce. Amma da ya ga buhun da aka dawo da shi, sai ya gyara tsayuwa.

Fili ya ɗauki hayaniya. Na bar su suka gama, sannan na sa Ɗan'auta ya buga sabon bulo huɗu nan take. Na roƙi sufeto ya cire harsashi, ya kwantar da kowace bindiga a kan bulo biyu da hannunsa, ya ɗan danna. Ya yi. Ta gari ta bar dogon tudu mai kusurwa huɗu. Ta cikin buhu ta bar ramuka a cure daga gaba, biyu daga baya, da ɗan tudu a tsakiya. Barira ta turo da bulon da na bar mata aka ajiye a gefe. Ko makaho ya shafa zai gane da wacce ya yi daidai.

"To ai Soja na iya mallakar biyu!" in ji Zubair daga cikin dillalai.

"Yana iya," na ce. "Shi ya sa za mu tambayi wanda aka kwance wa igiya. Soja, matsa kusa da jan bijimin nan."

Khamisu bai kai taku biyar ba bijimin ya sunkuyar da kai, ya fara huci yana tonon ƙasa, igiya kamar za ta tsinke. 'Yan sintiri ko gwadawa ba su so yi ba, sai da sufeto ya harare su, kuma abin da ya faru ke nan. Dillali na farko ya matsa, bijimi ya yi huci. Na biyu ma haka.

"Saura kai, Malam Zubair."

"Ni ba zan shiga wannan shirmen ba. Dabba ce za ta yi mana shari'a?"

"Matsa," in ji sufeto.

Ya matsa yana jan ƙafa. Bijimin ya ɗaga kai, ya sansana shi, ya miƙo wuya yana goga goshi a hannun rigarsa.

"Wannan ba komai ba ne," in ji Zubair. "Sana'ata ce, kullum ina zuwa."

"Gaskiya ne, sabo ba laifi ba ne. To zo ka sa hannunka na hagu a nan, inda wanda ya kifa bulon ya riƙe. Idan bai zauna ba, ni da kaina zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Ya dubi bulon, ya dubi zoben azurfar da ke yatsansa na tsakiya, ya mayar da hannun bayansa. Ɗan sanda ya kamo hannun ya ɗora. Yatsu suka zauna ɗaya bayan ɗaya, zoben ya faɗa raminsa.

Sai Zubair ya zube a ƙasa. Ya ce mota na jiransa a bakin titi, bijiman kawai ya zo ɗauka, bindigar don tsoratarwa ce, a wata kasuwar daji ya samo ta. Ya ce bai san Malam na gida ba. "Ya gane ni ne," yake ta maimaitawa, "ya gane ni ne." Daga bayan katanga na ji kukan Barira ya tashi. Mai gari ya ƙura wa tabarma ido.

Wallahi a lokacin na ji daɗi. Na dubi Khamisu na gyaɗa masa kai, a zatona an gama.

*

Sufeto ya sa aka ɗauki bindigar buhu da bulon. Sannan ya nuna ɗayar da ƙafa.

"Wannan kuma fa? Kisan dai ba da ita aka yi ba, na yarda. Amma bindigar yaƙi ce, ba ta da takarda. Ta wa ce?"

Dattawan suka dubi juna.

"Bari in yi muku gwari-gwari," ya ce. "Idan ta gari ce, tsoro ya sa kuka ajiye, mai gari ya miƙa ta da hannunsa, ku bi ni ku yi bayani, wannan magana ce daban, kuma na san yadda zan rubuta ta. Idan kuwa ta mutum ɗaya ce ya ɓoye a ɗakinsa, to shekaru ne a gidan yari. Ranka ya daɗe, ta wa ce?"

Mai gari ya ɗago. Bai dubi Khamisu ba, ɗan ƙaninsa da ke zube a ƙasa ya duba.

"A ɗakinsa muka same ta. Mu ba mu san da ita ba sai yau."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. "Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah! Da bakinka ka gaya mini da safen nan ku bakwai kuka samo ta kuka ba shi!"

"Wannan baƙo ne, Yallaɓai," in ji mai gari. "Yau ya shigo garin nan. Tsufa ne da rana suka taɓa shi."

Sufeto ya bi sauran dattawan shida da ido, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya duƙufa jan carbi, wancan ya shiga gyaran hula, ɗaya ma tari ya kama shi. Mutanen da tun safe ba su gaji da rantsuwa ba, yanzu babu mai ko motsa leɓe.

"Baba, na ji ka," sufeto ya ce da ni, "amma kai ji ka yi, ba ka nan. Ina son wanda yake wurin." Ya juya ga Khamisu. "Kai fa? Wa ya ba ka? Faɗi suna ɗaya kawai."

"Faɗa masa mana, Soja!" na daka masa tsawa. "Me kake jira? Ba ka ga abin da suka yi maka ba?"

Khamisu ya dubi tabarmar dattawan, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Yallaɓai, na dafa Alƙur'ani a kan maganar nan. A ɗakina aka same ta."

Ankwa ɗaya suka zo da ita, don mutum ɗaya aka ce musu. Sai suka sa wa Zubair ɓari ɗaya a hannun hagu, ɗaya ɓarin a hannun daman Khamisu, aka tura su bayan mota tare. Na bi motar ina magana har bakin hanya, ni kaina ban san me nake faɗa ba, sufeto ya ɗaga mini hannu kawai suka wuce.

Da na dawo ana kiran magariba. Dattawan suka naɗe tabarmarsu suka shiga masallaci, wani cikinsu har yana ce mini in shigo an kusa tayarwa. Na kasa shiga in haɗa kafaɗa da su. Na shimfiɗa rawanina a waje na yi sallata ni kaɗai.